Labarin Bayan Katanga: 'Yan Jarida, Soja Da Mutanen Da Ake Tsare Da Su

(Laccar da wani ɗalibi ɗan ƙasar Miga ya gabatar a taron ɗalibai da aka yi a Dutse)



Da farko ina gode wa shugabannin ƙungiyarmu da suka ga ya dace su ba ni wannan dama, alhali kuwa a cikin zauren nan akwai waɗanda suka fi ni shekaru, suka kuma fi ni karatu. Abin da aka ɗora mini in yi magana a kai shi ne yadda jaridu da gidajen rediyo suke ba da labarin tashin hankalin da kan auku tsakanin sojojin da ke gadi da mutanen da ake tsare da su a barikoki. Zan ɗauki abin da ya faru a Barikin Giwa na Maiduguri cikin shekarar 2014 ya zama ginshiƙin maganata, sa'an nan in leƙa wasu ƙasashe kaɗan don mu gwada, daga ƙarshe kuma in faɗi abin da nake ganin ya rataya a wuyanmu.

Me Ya Shafe Mu?

Watakila wani zai ce, mu mutanen Miga da Jahun da Kiyawa, manoma da masunta da 'yan tireda, ina ruwanmu da abin da ke faruwa a gadurum ɗin soja? Amsar ba ta da nisa. Jiharmu ta yi iyaka da Jihar Yobe, inda aka kafa dokar ta-ɓaci tare da Borno da Adamawa ran 14 ga Mayu, 2013, watau a zamaninmu, muna ji muna gani. Cikin watan Afrilu na 2014 'yan bindiga sun kai hari garin Gwaram a wannan masarauta tamu ta Dutse. Daɗin daɗawa, mu mutane ne masu tafiya ci-rani. Da an gama girbi sai samarinmu su bazu, wasu Legas, wasu Fatakwal, wasu Maiduguri.

Cikin watan Yuni na 2014 sojoji suka tare jerin motoci a Jihar Abiya, a kan hanyar zuwa Fatakwal, suka kama matafiya 486 'yan Arewa, suka tsare su a barikin soja da ke Asa. Kashegari jaridu da yawa suka buga manyan kanu cewa an kama mutum 486 da ake zargin 'yan Boko Haram ne. A cikin mutanen nan akwai 'yan Jigawa masu zuwa neman abinci, kuma daga baya an saki da yawa daga cikinsu. To, amma labarin sakin bai sami girman kanun da labarin kamun ya samu ba. Ke nan wanda ake tsare da shi a bayan katangar bariki yana iya zama ƙanena ko ƙanenka, kuma abin da jarida ta kira shi da shi a ranar farko, shi ne sunan da zai bi shi har ƙofar gidansu.

Abin Da Ya Faru A Barikin Giwa

Da safiyar Juma'a, 14 ga Maris, 2014, mayaƙan Boko Haram suka afka wa Barikin Giwa, wanda a lokacin shi ne babban wurin da soja ke tsare waɗanda aka kama a Jihar Borno. Suka fasa ɗakunan da ake kulle mutane, tsararru fiye da 1,000 suka fito. Wasu suka bi maharan zuwa daji, wasu kuwa suka watsu cikin unguwannin Maiduguri, ba makami a hannunsu, yunwa da cuta sun rarake su. Bayan an ɗauki lokaci ana ba-ta-kashi, da taimakon jiragen sama, sojoji suka sake riƙe barikin.

Labarin da ya fara fita shi ne na Hedikwatar Tsaro, ta bakin kakakinta na wancan lokaci, Manjo Janar Chris Olukolade. Taƙaitaccen bayanin shi ne, 'yan ta'adda sun kawo hari don su kuɓutar da 'yan'uwansu, an fatattake su, an kuma yi musu ɓarna mai yawa. Wannan bayani ne akasarin jaridun ƙasar nan suka ɗauka suka buga. Mai karatu da ya ga an ce an kashe ɗaruruwa, sai ya ɗauka duk mahara ne da suka zo da bindigogi, ya yi hamdala ya buɗe shafi na gaba.

Ba a yi sati guda ba wakilin jaridar New York Times, Adam Nossiter, ya aika da rahoton da ya nuna cewa mafi yawan waɗanda suka mutu a ranar tsararru ne. A ƙarshen watan Maris ɗin ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Amnesty International ta fito da nata binciken, wanda ta gina a kan bakin shaidu da hotunan tauraron ɗan'adam da suka nuna wuraren da ake jin manyan kaburbura ne. Ta ce sojoji sun harbe mutum fiye da 600 a wurare daban-daban na birnin, bayan an sake kama su. Daga bisani ta ce adadin bai kasa 640 ba. Cikin watan Agusta na shekarar kuma ta fito da faifan bidiyo da ke nuna wasu masu kayan soja tare da 'yan kato-da-gora suna yanka mutane a bakin rami. Hukumomin soja suka ce za su bincika.

Cikin watan Yuni na 2015 ƙungiyar ta sake fitowa da wani dogon rahoto, inda ta ce tun daga Maris na 2011 mutum fiye da 7,000 sun mutu a hannun soja a wuraren tsaro, saboda yunwa da ƙishirwa da cunkoso da azabtarwa da rashin magani. Ta ambaci Barikin Giwa, ta kuma ambaci wani wuri a Damaturu da ake kira Sector Alpha, wanda mutanen gari suka laƙaba wa suna Gwantanamo. Rundunar soja ta ƙaryata, ta ce neman ɓata mata suna ake yi. Wani kwamitin bincike na rundunar ya wanke manyan hafsoshin da aka ambata cikin 2017. A watan Agusta na wannan shekara Mukaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya kafa wani kwamitin a ƙarƙashin Mai Shari'a Biobele Georgewill, wanda ya miƙa rahotonsa cikin Fabrairu na 2018, gwamnatin wancan lokaci kuwa ba ta bayyana wa jama'a abin da ke ciki ba. Sai cikin Disamba na 2020 mai gabatar da ƙara ta Kotun Duniya ta Manyan Laifuffuka, Fatou Bensouda, ta ce akwai dalili mai ƙarfi na yarda cewa da Boko Haram da jami'an tsaron Nijeriya duk sun aikata laifuffukan yaƙi.

Jama'a, ku lura da tazarar da ke tsakanin labarin farko da na baya. Na farko ya zo cikin sa'o'i, ya shiga kowane gida. Na baya ya zo a gutsure, cikin makonni da shekaru, kuma yawancinsa daga bakin baƙi. Tambayar da ya kamata mu yi ita ce, me ya kawo haka?

Dalilan Da Suka Sa Labari Kan Zo Da Ƙafa Ɗaya

Dalili na farko shi ne yanayin wurin kansa. In an yi rigima a kasuwar Shuwarin, mai neman labari zai sami bakin mutum goma, kowa da abin da ya gani, ya auna ya fitar da abin da ya fi kusa da gaskiya. A cikin gadurum kuwa ɓangare biyu ne kurum, mai gadi da wanda ake gadi. Mai gadi yana da kakaki da ofis da tarho. Wanda ake gadi ba shi da ko ɗaya, in ma ya rayu ke nan. Saboda haka mutumin da ake tuhuma da yin harbi, shi ne kuma kaɗai mai ba da shaida a kan harbin. Bahaushe ya ce, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma ba a taɓa yin alƙalin kirki da ya yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya ba.

Ga wani misali da ya biyo bayan na Giwa da sati biyu. Ran Lahadi, 30 ga Maris, 2014, aka yi ta jin harbe-harbe a hedikwatar hukumar tsaro ta farin kaya a Abuja, dab da fadar Shugaban Ƙasa, har aka kawo sojoji suka kewaye wurin. Kakakin hukumar, Marilyn Ogar, ta ce wani tsararre ne ya bugi jami'in da ya kawo musu karin kumallo da ankwar da ke hannunsa, da niyyar su tsere. An ce tsararru 21 sun mutu, jami'ai 2 sun ji rauni. Yana yiwuwa haka abin ya faru. Amma duk wanda ya dubi lissafin nan, 21 a gefe guda, babu ko ɗaya a ɗaya gefen, ya kamata ya nemi ƙarin bayani. Su wane ne mutum 21 ɗin? Yaushe aka kama su? Wane likita ya duba gawarsu? Waɗannan tambayoyi ne na yau da kullum ga ɗan jarida, amma bayan 'yan kwanaki sai zancen ya bi ruwa.

Dalili na biyu shi ne tsoro, kuma tsoron nan ta fuska biyu yake. Boko Haram ta kashe Zakariya Isa na gidan talabijin na NTA a Maiduguri cikin Oktoba na 2011. An harbe Enenche Akogwu na gidan talabijin na Channels a Kano ran 20 ga Janairu, 2012, ranar da aka kai wa birnin munanan hare-hare. Ran 26 ga Afrilu, 2012, aka tayar da bam a ofisoshin jaridar ThisDay a Abuja da Kaduna. A ɗaya fuskar kuma, cikin watan Yuni na 2014 sojoji suka riƙa tare motocin rarraba jaridu suna ƙwace kofe na Daily Trust da Leadership da wasunsu. Ran 6 ga Janairu, 2019, sojoji suka mamaye ofisoshin Daily Trust a Maiduguri da Abuja, suka tafi da editan shiyya da wani wakili, saboda wani labari da suka ce ya tona shirin yaƙi. Wakilin da ke zaune a Maiduguri da matarsa da 'ya'yansa, ga damisa a gaba ga kura a baya, bai kamata mu da ke zaune lafiya a Dutse mu yi saurin kiransa matsoraci ba. A tuna kuma, bayan kafa dokar ta-ɓaci an katse layukan wayar salula a Borno na tsawon watanni, ta yadda ko wanda ya ga abu da idonsa ba shi da hanyar sanar da kowa.

Dalili na uku gado ne da muka ci daga mulkin soja. Cikin 1973 dogarin gwamnan soja na Jihar Ribas ya sa aka aske kan Minere Amakiri, wakilin jaridar Nigerian Observer, aka yi masa bulala 24, don ya buga koken malaman makaranta a ranar da gwamna ke bikin zagayowar haihuwarsa. Cikin 1984 aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda-guda a ƙarƙashin Dokar Soja ta 4. An daɗe da soke wannan doka, mulkin farar hula kuma ya dawo tun 1999, amma tabon yana nan. Har yanzu akwai editocin da ke ganin duk abin da ya shafi bariki, a buga sanarwa yadda ta zo shi ne zaman lafiya.

Dalili na huɗu shi ne kalmomi. A nan ne nake roƙon ku saurara da kyau, domin mu masu jin labarai da Hausa abin ya fi shafa. Akwai bambanci mai girma tsakanin "ɗan ta'adda" da "wanda ake zargi" da "wanda ake tsare da shi". Na farko hukunci ne, na biyu tuhuma ce, na uku kuwa bayanin halin da mutum ke ciki ne kawai. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar. Amma wurin fassara da gaggawa, sau da yawa kalmar zargi takan faɗi a hanya. Haka kuma a kula da irin su "sun rasa rayukansu", "an yi arangama", "an yi musayar wuta". Arangama tana nufin ɓangare biyu masu ƙarfi sun gwabza. In mutum yana kwance a ƙasa hannunsa a ɗaure aka harbe shi, kiran wannan arangama ƙarya ce, ko da kuwa wanda ya rubuta bai yi nufin ƙarya ba. Muna da misali tun 2009. Sojoji sun kama Muhammad Yusuf da ransa, suka miƙa shi ga 'yan sanda, sai ga sanarwa cewa ya mutu a musayar wuta yana neman tserewa. Hotunan da suka fito daga baya suka nuna shi a tsaye a hannun jami'ai ana yi masa tambayoyi.

Wa ya san adadin marasa laifi a cikin tsararru? Shari'ar da aka fara yi a barikin Wawa, kusa da Kainji, cikin Oktoba na 2017 ta ba mu abin aunawa. A zagayen farko, wanda aka hana 'yan jarida shiga, an yanke wa mutum 45 hukunci, an sallami 468. To, in haka lissafin ya kasance a gaban alƙali, da wane ma'auni jarida za ta kira duk wanda ya fito daga ɗakin Giwa ɗan ta'adda?

Dalili na biyar shi ne labari yakan kori labari. Kashegarin harin Giwa, watau 15 ga Maris, matasa masu neman aikin hukumar shige-da-fice suka mutu a turmutsitsi a Abuja da wasu garuruwa. Ran 17 ga wata aka buɗe Babban Taron Ƙasa. Ran 14 ga Afrilu bam ya tashi a tashar Nyanya, a daren kuma aka sace 'yan matan Cibok. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya cancanci shafin farko. Amma sakamakon shi ne, mutum 640 suka nutse a tsakiyar tari, ba suna, ba hoto.

Ba A Kanmu Farau Ba

Kada wani ya ɗauka wannan ciwo na Nijeriya ne kaɗai. Ran 3 ga Maris, 1959, a sansanin Hola na ƙasar Kenya, inda Turawan Ingila ke tsare da 'yan Mau Mau, gandirobobi suka lakaɗa wa tsararrun da suka ƙi yin aikin tilas duka har 11 suka mutu. Sanarwar farko da gwamnatin mulkin mallaka ta fitar ta ce mutanen sun mutu ne bayan sun sha ruwa daga wata motar ruwa. Binciken likita da na majistare ne suka nuna duka ne ya kashe su. Da maganar ta isa majalisar Ingila, 'yan majalisa irin su Barbara Castle da Enoch Powell suka tsaya a kanta, abin ya zama babban abin kunya ga gwamnati. Shekara huɗu bayan haka Kenya ta sami 'yanci.

A kurkukun Abu Ghraib na Iraƙi, rundunar Amurka ta fitar da 'yar gajeruwar sanarwa cikin Janairu na 2004 cewa tana binciken zargin cin zarafin tsararru. Kusan ba wanda ya kula. Sai ran 28 ga Afrilu, da gidan talabijin na CBS ya nuna hotunan, sa'an nan Seymour Hersh ya buga abin da ke cikin rahoton Janar Taguba a mujallar New Yorker, duniya ta girgiza. An hukunta sojoji 11, dukansu ƙanana ne. A lura, wanda ya fara miƙa hotunan ga masu bincike soja ne, mai suna Joseph Darby.

A Gwantanamo kuwa, sansanin Amurka da ke tsibirin Kuba, inda aka tsare mutum wajen 780 tun daga Janairu na 2002, an sami tsararru 3 a mace ran 10 ga Yuni, 2006. Kwamandan wurin, Harry Harris, ya ce sun kashe kansu ne, ya kuma fassara hakan da cewa wani salon yaƙi ne suka yi da Amurka. Bayan 'yan kwanaki aka umarci 'yan jaridar da ke wurin su bar sansanin. Cikin Afrilu na 2013, lokacin yajin cin abinci, masu gadi suka afka wani sashe, rundunar ta ce tsararru sun yi turjiya da makaman da suka harhaɗa da kansu. Ba a yarda ɗan jarida ya yi magana da tsararre ko ɗaya ba, kuma a ƙarshen shekarar rundunar ta daina faɗin yawan masu yajin.

Abin da waɗannan misalai suka haɗu a kai guda uku ne. Bayanin farko daga mai gadi yake fitowa. Laifin yakan koma kan wanda ya mutu. Gaskiya kuma ba ta fitowa sai an sami abu mai wuyar musu, watau hoto, ko takardar likita, ko rajistar ɗakin ajiye gawa, ko wani na ciki wanda zuciyarsa ta kasa ɗauka.

A Ji Ta Bakin Soja

Adalci ne mu ji hujjar ɗaya ɓangaren, don kada mu aikata abin da muke zargin wasu da shi. Sojan da ke gadin irin wannan wuri yana cikin hatsari na gaske. A cikin waɗanda yake gadi akwai masu jinin mutane a hannunsu. An sha fasa gidajen kurkuku a ƙasar nan, kamar na Bauci cikin Satumba na 2010, inda fursunoni fiye da 700 suka tsere, da na Kuje cikin Yuli na 2022. Sojan nan ya binne abokansa, wani lokaci kuma kayan aikinsa ba su kai na maharan ba. Da yawa daga cikinsu 'ya'yan talakawa ne irinmu, har da 'yan Jigawa. Haka nan gaskiya ne cewa Boko Haram tana amfani da labarai don yaɗa manufarta, kuma akwai sirrin yaƙi da bai kamata a buga ba.

Duk na yarda da waɗannan. Amma ranar da za a kai hari da hanyar da za a bi, su ne sirrin yaƙi. Yawan mutanen da suka mutu a ɗakin da gwamnati ke riƙe da mabuɗinsa ba ya cikin wannan sahu. Ɓoye shi ma cutar da soja yake yi. Uwar da aka tafi da ɗanta ba ta sake jin ɗuriyarsa ba, ba za ta kai wa soja rahoton abin da ta gani a unguwa ba. Matan Borno da suka haɗu a ƙungiyar Knifar sun shafe shekaru suna neman a gaya musu inda mazajensu suke. Kuma in ba a ware sojan da ya yi laifi an hukunta shi ba, to, baƙin jinin yakan shafi dubban da suka yi aikinsu tsakani da Allah. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Abin Da Ya Rataya A Wuyanmu

Ga 'yan'uwana ɗalibai, ina ba da shawarar duk lokacin da muka ji an ce an yi rikici a wurin tsaro, mu yi wa labarin tambayoyi biyar kafin mu yarda da shi ko mu tura wa wani. Wa ya faɗa, kuma yana da hannu a cikin abin? Akwai wanda ya tabbatar ban da shi? Mutum nawa suka mutu a kowane gefe? An ambaci sunayensu da matsayinsu a gaban shari'a? An bar likita ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ko ƙungiyar Red Cross sun shiga? Waɗannan tambayoyi su ne kuma za mu yi wa faifan bidiyon da ke yawo a WhatsApp da Facebook, domin a can ma ana ƙirƙirar ƙarya, ana ɗauko hoton wata ƙasa a ce na nan ne. Ƙin yarda da duk abin da hukuma ta faɗa makanta ce, daidai da yarda da duk abin da ta faɗa.

Ga masu shirin zama 'yan jarida a cikinmu, musamman na Hausa, ku sani kun gaji aiki mai asali. Tun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam yana edita, sashen Hausa na BBC kuma ya fara watsa shirye-shirye cikin 1957. Manomin Miga da ke rataye da rediyonsa a gona, abin da kuka fassara masa shi ne iliminsa na duniya. Sashe na 22 na Tsarin Mulki ya ɗora wa kafofin labarai nauyin sa ido a kan gwamnati don ta ba da bahasi ga jama'a. Akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, akwai Dokar Hana Azabtarwa ta 2017. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma ko dokar yaƙi da ta'addanci da ta yarda a tsawaita tsarewa, da izinin alƙali ta yarda. Ku riƙe waɗannan, ku jingina kowace magana ga mai ita, ku kuma koma wa labari bayan wata shida ku tambaya ina aka kwana. Girman kanun da aka ba kamun mutum, shi ya kamata a ba sakinsa.

Ga yayyenmu ma'aikatan gwamnati kuwa, da mu da za mu bi sahunku nan gaba kaɗan in Allah ya yarda, maganata ta ƙarshe taku ce. Sanarwar da ta ce mutanen Hola ruwa suka sha, wani ma'aikaci ne ya zauna a tebur ya rubuta ta. Rajistar da ke nuna yawan gawar da aka kawo asibiti, ita ma wani akawu ne ya cika ta, ya ƙi rage ko ɗaya. Watarana ɗayanmu zai zama jami'in watsa labarai, ko likitan gwamnati, ko magatakardan kotu, ko sakataren kwamitin bincike, a ajiye masa takarda a ce ya sa hannu. Ba na cewa kowa ya zama jarumi. Abin da nake roƙo shi ne kada mu rubuta abin da muka san ba haka yake ba, kada kuma mu ɓatar da fayil ɗin da aka ba mu amana, domin da irin waɗannan takardu ne iyalan mamata ke samun amsa, ko da bayan shekara 20 ne.

Shugaban taro, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi da gyare-gyare daga malamaina. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a wannan fitina, sojansu da farar hularsu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya mai ɗorewa.